Tuffa Mai Tabo a Kan Dastarhan

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina. Madam Farhat, malamar kwamfuta, ce ta ba ni sabon littafin rubutu, ta ce in rubuta abin da ya faru da hannuna. Mako uku yana cikin akwatina ban buɗe shi ba. A aji uku na bar makaranta, rubutuna sai a hankali, kuma a cikin labarin akwai abin da kakarmu, Mauji, ba ta son a tuna mata har yau. Amma na ga idan ban rubuta ba, kowa zai riƙa ba da shi yadda ya ga dama.

Sunana Gulshan. Ina taya Zuna Masi dafa abincin rana a makarantar ƙauyenmu, can saman Shopiyan. Idan lokacin tsinkar tuffa ya zo, da safe kafin makaranta da kuma bayan an tashi ina rumfar Abbu, mahaifinmu, ina ware tuffa: ta ɗaya, ta biyu, da wadda za a zubar wa masu matse ruwa. Ƙanwata Insha, wadda ke kirana Didi, wato yaya, tana aji bakwai. Ni na raine ta. Ina shekara tara aka haife ta, a tsakiyar tsinka, Ammi, mahaifiyarmu, ta kwanta ciwo. Abbu ya ce mini, "Ki zauna a gida wannan tsinkar kawai." Ammi ta rasu da sanyin shekarar, ni kuma ban sake komawa aji ba.

Bangon katako ne ya raba ɗakin girkinmu da ɗakin kwamfuta, saboda haka duk abin da Madam Farhat ta faɗa ina ji. Ranar da ta fara, ta ce wa yaran, "Ni na'ura ce, ban san komai ba. Ku faɗa mini yadda zan haɗa shayi, ɗaya bayan ɗaya." Wata yarinya ta ce, "Zuba gishiri," don mu shayinmu da gishiri ake sha. Sai na ji ajin ya kaure da ihu. Ashe ta yi ta zubawa har kofin ya cika, tunda babu wanda ya ce ta tsaya. Ina yankan ganye ina dariya ni kaɗai.

Zuna Masi ta ce, "Ke da bango kuke hira? Yanka dai yatsanki, mu ga ko na'ura za ta ɗinke miki."

Da tsinka ta matso, Madam ta ce za su koya wa kwamfuta bambance tuffa mai kyau da mai tabo. Ƙirƙirarriyar basira ta kira abin. Ta ce ba a faɗa mata ƙa'ida, misalai ake nuna mata da yawa har ta kama da kanta. Ta ce kowa ya je gida ya ɗauko hotuna da wayar iyayensa, masu kyau daban, masu tabo daban. Insha ce shugabar aikin. Ran Laraba za a kira iyaye su gani.

Bana ƙanƙara ta sauka sau biyu, ta yi wa rabin lambunmu tabo. Tuffar da ƙanƙara ta taɓa sai an juya kowace ɗaya a hannu, aikin warewa ya ninka. Ran Lahadi muna cin abinci Abbu ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Insha, daga gobe ki zauna a rumfa ki taya Didinki. Wannan tsinkar kawai."

Na ajiye lomar da ke hannuna.

Insha ba irina ba ce, bakinta yana buɗe. Ta ce, "Abbu, ran Laraba ni zan nuna na'ura. Ka zo ka gani tukuna."

"Wasan hotuna? Mutane suna neman hannu, ku kuna ɗaukar tuffa hoto kamar amarya."

"Ba wasa ba ne. Tana ware tuffa. Goma cikin goma take ci."

Ya dube ta, ya dubi Mauji, ya ce, "To, zan zo. In na ga abin amfani, ki ci gaba. In wasa ne, ran Alhamis kina rumfa. Magana ta ƙare."

Ran Litinin na kai wa Madam shayi a faranti. Ban taɓa shiga ɗakin nan na ɗago ido ba. Nakan ajiye in fita. Farantin yana da ɗan ƙyalle mai ado a kai, na ajiye shi a kan tebur, ƙarƙashin kyamarar da ke maƙale da doguwar igiya. Wata yarinya da ke riƙe da tuffa ta ajiye ta a gefen farantin, a kan ƙyallen, don ta gyara mayafinta. Sai fuskar kwamfutar ta yi kore, ta rubuta cewa mai kyau ce.

Ni kuwa ko daga bakin ƙofa zan gane wannan tuffar. Ƙanƙara ta loɓa ta a kafaɗa, ga baƙin tabo kamar faɗin farce. Ko a akwatin ta biyu ba zan saka ta ba.

Madam ta juya tana ɗaukar kofi, yara suna surutu. Babu wanda ya gani sai Insha. Ta kai hannu da sauri ta ɗauke tuffar ta jefa a aljihun rigarta. Muka haɗa ido. Na ɗauki farantina na fita.

Da la'asar Abbu ya bar wayarsa tana caji ya tafi lambu. Na buɗe hotunan da Insha ta ɗauka. Masu kyau duk suna kan dastarhan ɗin Mauji, ƙyallen da ake shimfiɗawa a jera abinci, farin nan mai furanni ja a gefe, wanda ba a shimfiɗa shi sai an yi baƙi. Na tuna ranar. Mauji ce da kanta ta ce, "Hoton da zai je makaranta, malamai su gani, a kan tsohon buhu za ki ɗauka? Ɗauko na baƙi." Masu tabo kuwa duk a kan ciyawa suke, a gindin bishiya, inda suka faɗo. Wa zai ɗora ruɓaɓɓen abu a inda ake ajiye gurasa? Mu ko tsallake dastarhan ba ma yi. Kuma na san gidajen ƙauyen nan. Abin da Mauji ta ce, shi kowace uwa ta ce.

Na zauna da wayar a hannu. Sai na tuna shekarar da Zuna Masi ta koya mini warewa. Na lura sababbin kwanduna su ake bai wa masu hawa sama, inda rana ke buga tuffa ta yi ja, tsofaffin kuma su ake tsintar ta ƙasa da su. Sai na daina juya tuffa, ina kallon kwando kawai, ana ta yaba saurina. Wata rana ta musanya kwandunan ban sani ba, na cika akwatin ta ɗaya da ruɓaɓɓu. Ta ɗalle mini yatsu ta ce, "Kwando kike dubawa ko tuffa?"

Na sami Insha a bakin famfo tana wanke kwanuka. Ban ce komai ba, ta riga ni.

"Didi, don Allah ki yi shiru."

"Ƙyalle take gani."

"Na sani. Tun ran Asabar na sani."

"Madam fa?"

"Hotunan da muka ajiye gefe muke gwada ta da su, su ma duk haka suke. Ba ta lura ba. Ran Laraba ni zan jera tuffar. Masu kyau a kan ƙyalle, masu tabo in ɗebo ciyawa in ɗora su a kai. Goma cikin goma. Daga baya sai mu gyara, wallahi."

"Abbu fa? Kin manta aljihunsa?"

Ta ci gaba da cuɗa kwanon da ke hannunta. Abbu bai taɓa fita ba tuffa biyu ko uku a aljihun feran ɗinsa, doguwar rigar sanyi, ba. Ko sikeli aka kawo sabo sai ya ciro tasa ya gwada. Ba ya yarda da abin da wani ya jera masa.

Ta ce, "Wataƙila ba zai ciro ba."

"In ya ciro fa? A gaban mutane?"

"In kin faɗa fa? Kwana ɗaya ya rage! Ke dai ba ki san komai a kan abin nan ba, Didi. Ta bango kike ji."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya yi zafi. Na ɗauki kwanukan da ta wanke na shiga ciki. In na yi shiru Abbu ya gano, zai ce an yi masa ƙarya, Insha ta gama. In na faɗa abin ya lalace, ni na kai ta rumfa da hannuna. Na juya shi ta nan, na juya ta can, kamar tuffar da ƙanƙara ta buga ta kowane gefe.

Ran Talata sau biyu ina zuwa ƙofar ɗakin kwamfuta ina dawowa. Na shirya maganar a zuciyata tun da safe, amma da na ga Madam da gilashinta sai na juya. Na ƙona albasa. Zuna Masi ta ce, "Yau kuma wa ya zo neman aurenki?"

Da lokacin shayi ya yi, na fasa neman magana. Na ɗauki wata tuffa mai baƙin tabo na ɗora a kan ƙyallen faranti. Na tsinko ciyawa a bayan ɗakin girki na cika tafin hannuna, na ɗora wata lafiyayya, ja sosai, a kai. Na shiga. Na tura farantin ƙarƙashin kyamara, kwamfuta ta yi kore. Na janye shi na miƙa hannuna da ciyawar, ta yi ja. 

 Madam ta ajiye allin da ke hannunta. Ta ce, "Sake, Gulshan." Na sake. Ta zauna ta buɗe hotunan yaran tana wucewa ɗaya bayan ɗaya, farin ƙyalle, farin ƙyalle, shuɗin ƙyalle, sannan ciyawa, ciyawa, ciyawa. Ta dafe goshi.

"Ni na ce ku ɗauka a gida. Ban ce a ina ba. Kun ga? Ni ma ban ce a tsaya da gishiri ba."

Wasu suka yi dariya. Insha ba ta yi ba. Idonta ya cika, ta kalle ni kallon da ban taɓa gani ba.

Madam ta ce a bar tsohuwar a ajiye, a koyar da sabuwa. Aka yage kwalin akwati, aka ce kowace tuffa a kan kwalin nan za a ɗauke ta, mai kyau da mai tabo. Yara suka ruga gidaje, amma manya suna lambu, rumfuna a kulle. Abin da aka samu bai fi arba'in ba, ga hadari ya rufe rana, ɗakin ya yi duhu-duhu. Madam ta roƙe ni in ware musu su, na zauna a ƙasa ina warewa ban ɗago kai ba. Kafin a tashi aka gwada sabuwar. Bakwai cikin goma ta ci.

Insha ta ce, "Madam, jiya goma ce."

"Jiya ƙyalle muke ƙirgawa."

"Abbuna ba bakwai zai zo gani ba."

A hanyar gida ta yi gaba ta bar ni. Da magariba ta ci abinci ta juya mini baya.

Ran Laraba aka shimfiɗa darduma a babban aji, iyaye suka zauna, maza a gefe ɗaya, mata a ɗaya gefen. Shugaban makaranta ya aro dastarhan ɗin Mauji saboda ya fi na kowa tsawo, aka jera gurasa da kofuna a kai. Mauji tana zaune a gefensa kamar mai gadin zinariya. Ni ina bayan tukunyar shayi ina zubawa.

Insha ta tsaya ta yi bayani, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ɗora tuffa ta farko a kan kwali, kwamfuta ta ci. Ta biyu ma ta ci. Sai Abbu ya gyara zama ya sa hannu a aljihu. Na rufe ido.

"Gwada wannan."

Ya miƙa mata wata lafiyayya, sai dai tana da ɗan ganye maƙale a wuya. Insha ta ɗora. Kwamfuta ta yi ja, ta ce mai tabo ce.

Rahim Kak, maƙwabcinmu, ya yi dariya har da tari. "Kai Nazir, ko akuyata ta fi wannan ido. Ita kuma ciyawa kawai take ci, ba lantarki ba."

Maza suka ɗauka. Abbu ya miƙa wata, mai ɗan loɓawar ƙanƙara a ƙasa. Kwamfuta ta yi kore. Madam ta fara cewa, "Jinab, ranka ya daɗe, jiya ne kawai muka..." amma Abbu ya riga ya ajiye kofinsa. Ya miƙe, ya kakkaɓe feran ɗinsa, yana neman takalmi da ido. Bai yi fushi ba. Fuskar nan ce dai da ya yi mini ina shekara tara, fuskar mutumin da ya gama lissafinsa. Insha tana tsaye riƙe da tuffar.

"Abbu."

Ban san ni na faɗa ba sai da kowa ya juyo. Ban taɓa magana a gaban maza fiye da biyu ba.  Na ce wa Insha, ba tare da na kalli kowa ba, "Buɗe tsohuwar. Mai goma cikin goma."

Ta tsaya tana kallona. Madam ta gyaɗa mata kai, ta buɗe.

Na je bokitin da aka tara na zubarwa, na zaɓo wadda ta fi muni, gefenta ɗaya ya ruɓe ya yi laushi, tana ɗigar ruwa. Na zo na durƙusa gaban Mauji. Na ɗora ta a kan dastarhan, dab da gurasa.

Mauji ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Gulshan, kanki ɗaya kuwa? A kan abinci? A gaban mutane?"

Wata tsohuwa ta ce, "Tuba, tuba." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma Insha ta gane. Ta jawo kyamarar da igiyarta, ta saita ta a kan ruɓaɓɓiyar. Kwamfuta ta yi kore shar, ta ce mai kyau ce, babu ko shakka.

Na karɓi lafiyayyar da Abbu ya kawo, na ɗora a kan ciyawar da takalma suka shigo da ita bakin ƙofa. Ja.

Abbu ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya dubi fuskar kwamfutar, ya dubi dastarhan. Ya ce, "Wannan ita ce mai goma cikin goma?"

Insha ta ce, "Ita ce. Duk masu kyau a kan ƙyalle muka ɗauke su, Abbu. Sai ta koyi ƙyalle. Didi ce ta kama ta. Ni na sani na ɓoye." Ta nuna kwalin. "Ta yau ba ta ganin ƙyalle, tuffa take kallo. Amma arba'in kawai muka nuna mata, shi ya sa ganye ya ruɗe ta."

Abbu ya cire takalmin ya dawo ya zauna. Ya ce, "Ashe dillalin birni ce. Ka naɗe masa ta sama da takarda mai sheƙi, ba zai tono ƙasan akwati ba."

Dariyar da maza suka yi wannan karon daban ce, don kowa ya san abin da ake nufi. Wani ya ce, "Rahim Kak, kai ka koya mata ke nan?" Rahim Kak ya ce, "Ni ban taɓa ba, surukina ne."

Abbu bai yi dariya ba. Ya tambayi Insha, "Nawa take buƙata kafin ta yi hankali?"

Ta kalli Madam, Madam ta ƙi amsa mata. Insha ta ce, "Ɗaruruwa. A rana, a inuwa, a hannu, a akwati, da ganye da ba ganye. Kuma sai wanda ya iya ya ware su tukuna, in ba haka ba kuskurenmu za ta koya."

"Ita ma Didinki shekara biyu ta yi kafin in bar ta ta rufe akwati." Ya ɗauki kofinsa da ya huce ya kurɓa. "Rumfata a cike take. Ki zo ki ɗauki hotonki. Bayan an tashi makaranta."

Ban yarda na ji daidai ba sai da na ga Insha ta sunkuyar da kai tana goge hanci da bakin mayafi. Na ɗauke ruɓaɓɓiyar tuffar. Ta bar tabo ruwan ƙasa a kan farin ƙyallen, kusa da furannin. Mauji ta naɗe dastarhan ɗinta da kanta, ta ƙi bari in taɓa, ta tafi gida ba ta jira kowa ba.

A hanya Abbu yana gaba, ni ina baya da tukunya. Ya rage tafiya har na cim masa.

"Aikin mutum biyu ya hau kanki. Kin sani?"

"Na sani, Abbu."

 Sai ya ciro tuffar da ta rage a aljihunsa, ya juya ta a hannu, ya mayar.

Washegari na tarar da dastarhan ɗin a ninke a bakin ƙofata. Mauji tana lazimi, ba ta amsa gaisuwata ba. Na kai shi rafi na wanke da sabulu har yatsuna suka mutu don sanyi. Tabon ya dushe amma bai fita duka ba. Na shanya shi a igiya, na juya gefen tabon ya fuskanci bango. Na shiga rumfa na ware nawa da na Insha, na ajiye mata kwando ɗaya a gefe, gauraye, masu ganye da marasa ganye. Da na ji ta fito da jakarta, na wanke hannu na bi ta a baya har ƙofar makaranta. Sai da na ga ta shiga aji sannan na wuce ɗakin girki, na jawo kujerata jikin bangon katakon, na fara yankan ganye.